Tsohuwar Jita 'Yar Wata Uku

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Bandung, Pak Endang, wato Malam Endang, ya buɗe akwatin jitar lantarkinsa karo na uku, sai mutumin da ke gefensa ya leƙo.

"Kang, duba nan!" in ji Endang, yana kiransa Kang, wato Yaya, don bai san sunansa ba. "Ka ga inda fenti ya goge? Ka ga wuyanta, ko gezau! In aka jona ta, sautinta kauri gare shi kamar zuma, ba ƙarar gwangwanin yaran zamani ba!"

"Wasa za ka je?"

"Garin Garut za ni. Abokan kiɗanmu na makaranta ne za mu haɗu bayan shekara talatin. Na ce musu ban taɓa ajiye jita ba, alhali rabona da tsirkiya tun aurena. Wannan tsohuwar jitar da na sayo ita ce shaidata."

Mutumin ya juya jitar, ya shafa bayanta, ya yi murmushi.

"Wata uku ke nan da na ƙera ta. Ƙarzar nan makullan babur ɗina ne. Jan nan na wuya ruwan shayi ne. Ƙunar nan kuwa tabar surukina ce."

"Kai ne?! Wallahi hannunka da albarka! Ni kaina na yarda da ita!"

"Sautin dai na gaskiya ne, Pak. Amma miƙo hannunka na hagu."

Ya latsa kan yatsun Endang, ya ji su laushi kamar dafaffiyar ayaba.

"Makaɗa yatsu suke dubawa, ba fenti ba. Ko kanta ɗaya babu."

Endang ya dubi agogon bango.

"Kang, saura minti ashirin jirgi ya iso. Yatsu fa, kana tsufar da su?"