Bokitin Markaɗe

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu. Ban saba magana a gaban mutane ba, idan muryata ta yi rawa ku yi haƙuri.

Mun zo Daura ne daga wani ƙauye a kudancin Borno, ni da Mama, wurin kawuna. A can, mutanen daji masu cewa karatun boko haramun ne sukan tare hanya da safe a kan babura. Yunifom suke dubawa. Don haka Mama ta koya mini dabara: in naɗe rigar makaranta da littattafai a cikin bokiti, in rufe da faifai, in tafi kamar an aike ni markaɗe. Ƙawata Ladi ta ƙi, ta ce rigarta za ta yamutse. Wata safiya ta riga ni fita. Har yau ba mu ji labarinta ba.

Muka zo nan, jikina ya zo amma zuciyata tana can. Aka sa ni makaranta, aka ɗinka mini riga shuɗiya mai farin wuya. Na kasa sa ta a gida. Da na ɗaga ta sai hannuna ya mutu. Kullum sai bokiti, sai na isa bayan katangar makaranta in canza, kullum a makare.

Mama ta ce, "Saratu, nan ba can ba ne." Na sani, amma ƙafata ba ta sani ba.

Akwai wani tsoho a layinmu, Malam Haruna, mai dogon gemu, yana zama a kan dakali kusa da masallaci. Ban taɓa kallon fuskarsa ba. Takalminsa na sani, na roba, an ɗinke ɗaya da baƙin zare. Na lura duk lokacin da na wuce, carbinsa yakan tsaya. Na ce a raina, wannan ya gane, ranar kawai yake jira. Allah ya gafarta mini.

Sai shugabar makaranta ta kira ni ta ce, "Jarrabawa ta zo. Gobe in kika makara, ki koma gida, sai baɗi."

Da gari ya waye na sake ɗaga rigar, na sake kasawa. Na durƙusa a gaban bokitin ina kuka. Ban iya doguwar addu'a ba. Cewa kawai na yi, "Yesu, na kasa ajiye shi. Kai ka karɓe shi daga hannuna."

Na fita. Ina zuwa daidai dakalin sai na ji murya.

"Ke jikata! Wannan markaɗe naki ba ya ƙarewa ne? Kullum bokiti na tafiya, mu maƙwabta ko ƙamshin ƙosai ba mu ji ba. Rowa ce?"

Na zabura zan gudu. 'Yan'uwa, nan take mariƙin bokitin ya tsinke! Faifai ya gangara, riga ta faɗi, littattafai suka watse a gaban takalmin nan mai baƙin zare. Na rufe ido. Na ce yau na bi Ladi.

Sai na ji ana kakkaɓe wani abu. Na buɗe ido. Rigata ce a hannunsa, yana hure mata ƙasa daga wuya.

"Ashe ɗaliba ce! Me ya sa kike ɓoyewa?"

Bakina ya ce, "A garinmu, Baba..."

Ya ce, "Na gane. Waɗannan ba su bar naku ba, ba su bar namu ba." Ya juya ya ƙwala wa jikarsa kira cikin gida, "Hadiza! Fito ki shiga da 'yar'uwarki ta sa kayanta, ku tafi tare. Ke ma ai sarkin makara ce."

Hadiza ta fito da ɗumame a baki tana cewa, "Kai Malam, sharri!" Ita ta sa mini maɓallin baya.

Na fito titi cikin yunifom, gari ya waye tar, a gaban kowa. Babura suna wucewa. Ba wanda ya tsaya. Mai shayi ma bai ɗago kai ba. Muka shiga makaranta ana kaɗa ƙararrawa. Halleluya!

Na rubuta jarrabawa, na wuce. Har yanzu ƙarar babur takan sa gabana ya faɗi, kuma ina roƙonku kada ku daina sa Ladi a addu'a. Amma rigar nan da kuke gani, daga gida na sa ta.

Kawu ya ɗaura wa bokitin sabon mariƙi na waya. Ran Asabar Mama ta jiƙa wake a ciki, na kai inji da gaske, muka aika wa Malam Haruna ƙosai. Ya ce gishiri bai ji ba, amma ya cinye.

Na gode wa Yesu. Duk wanda yake ɗauke da abin da ya kasa ajiyewa, ya faɗa masa. Ya san inda mariƙin yake. Amin.