Rediyon da Ta Kwance

A layin rajistar kulob ɗin kimiyya na yara, wata mata ta leƙa takardar mutumin da ke gabanta.

"Malam, wane aji ka zaɓa? Ni na shuke-shuke zan sa ɗana."

"Wanda ake ba su sukudireba su kwance kaya. 'Yata zan sa."

"Kwance-kwance? Ai sai ta ƙarar maka da kayan gida."

"Ta riga ta fara. Rediyona da ya shekara biyu a mace ta buɗe, na zane ta."

"Ka yi daidai."

"Washegari na murɗa, ya kama."

"Ikon Allah. Ka dai gaya mata?"

"Yau wata uku ke nan, da na ji takunta sai in kashe shi."