Ruwan da na roƙa da bakina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, dattawa da mata da matasa. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Arzika. Tsohon soja ne ni, yanzu manomi a wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari. Ba ni da baiwar magana, don haka zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru. In murya ta tsaya mini a hanya, ku yi haƙuri.

Abin da Ubangiji ya fisshe ni daga gare shi ba giya ba ne, ba caca ba ne. Gaba na yi da ruwan sama. Na ƙi ruwa, na ƙi Mai aiko shi, har na ƙudura a zuciyata ba zan ƙara sa iri a ƙasa ba.

Da farko dai, fari. Damanar waccan shekara ta soma da kyau, gero ya kai gwiwa, sai sama ta kulle. Ganye ya nannaɗe. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita bayan gari roƙon ruwa, masu bori suka yi nasu. Mu ma fasto ya sa mana azumi, aka ce ni zan bi da addu'a ranar rufewa, domin ni ne dattijon ikilisiya.

Bayan haka, maciji. Ana gobe za a rufe azumi, matata Hanatu ta je gona tsinko yakuwa, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Muka ɗora ta a amalanke zuwa likita, wato ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Da safe ƙafar ta kumbura, amma tana magana, har tana tsokanata. Na ce ba zan je majami'a ba. Ta ce, "Kaparan, tahi ka yi aikinka. Geron ma majinyaci ne, kuma ya fi ni jin jiki." Kaparan take kirana tun muna da ƙuruciya, ko da yake na daɗe da wuce wannan muƙami. In na yi mata gyara, sai ta ce ita ba ta ga takardar ƙarin girman ba.

Na tafi. Na tsaya gaban jama'a kamar yadda nake tsaye yanzu, na ɗaga murya irin ta bariki, na ce, "Ubangiji, ba gobe ba, ba jibi ba. Yau muke so!" Jama'a suka amsa Amin da ƙarfi.

Da na koma likita, jini ya soma fito mata ta dasashi. Muka ɗauki mota zuwa Dogon Dutsi. Can aka ce maganin dafin ya ƙare, sai babban asibitin mishan da ke gabas, kuma jikinta ba zai jure girgizar hanya ba. A ranar akwai wani ƙaramin jirgi a filin Dogon Dutsi, ya kawo baƙi. Fasto ya yi waya, matuƙin ya yarda. Na ce a raina, wannan hannun Allah ne!

Mu huɗu ne a ciki: matuƙi, malamar jinya, Hanatu a kwance, da ni. Jirgin bai fi cikin ƙaramar mota ba. Muka tashi bayan azahar.

Ba mu yi nisa ba, sai ga hadari daga gabas, daidai kan hanyarmu. Ku duka kun san hadari daga ƙasa. Daga sama wani abu ne dabam. Ya tsaya kamar dutse, baƙi ƙirin, kansa ya baje kamar uwar maƙera, walƙiya na yawo a cikinsa. Sai na ji jirgin ya karkata, ya juya hanci arewa.

Matuƙin baƙo ne, Hausarsa a karkace, amma ana ganewa. Ya ce, "Baba, za mu kewaye."

Na ce, "Kewaye? Da mutum a kwance? Ratsa!"

Ya ce, "Ba a shiga wannan. Akwai iska mai hawa da mai sauka a ciki. Tana karya fiffike."

Ni abin da na sani, in ruwa ya tare ka a kan babur, ka sunkuyar da kai ka ƙara wuta, ka fita ɗaya gefen a jiƙe. Haka na zaci jirgi yake. Na buga masa kujera, na ce masa matsoraci. Na ce da a bariki ne da an ɗaure shi. Ya ci gaba da tuƙinsa. Gumi na zuba a wuyansa, idonsa na kan hadarin, jirgin yana faɗawa yana tashi kamar ƙwarya a kan ruwa.

Hanatu ta buɗe ido. Ta ce, "Kaparan, bar yi wa ɗan mutane tsawa. Duba mini, ana ruwa a gonarmu?"

Na leƙa ta taga. Ruwa na sauka can wajen ƙauyukanmu, kamar an saki farin zane daga sama har ƙasa. Na ce mata ana yi. Ta ce, "To, mun gode Allah." Ta rufe ido.

Muka yi ta bin gefen hadarin. Mu ce mun wuce shi, sai wani ya ɓullo a bayansa, matuƙin ya ƙara buɗewa. Da muka hango filin asibiti, iska na tumɓuke rumfuna a ƙasa, dole ya yi ta zagayawa yana jira. A wannan zagayen ne malamar jinya ta saki hannun Hanatu, ta dube ni.

Wayyo, 'yan'uwa! Matata ta rasu tsakanin sama da ƙasa, ina ganin kwanon rufin asibiti da idona.

Sai komowa. Washegari muka ɗauko ta a mota. Duk hanya ƙasa ta jiƙe, yara na wanka a kududdufi, maza da hauya a kafaɗa suna dariya. A gida aka cika zaman makoki. Kun san gaisuwarmu ta damana. Mutum zai durƙusa ya ce, "Allah shi ba da haƙuri," bakinsa kuma ya zarce da kansa, "Barka da ruwa." Wani tsoho ɗan ikilisiya ya riƙe hannuna biyu, yana hawaye, ya ce, "Dattijo, Allah ya ji addu'arka. Yau ka ce, yau aka yi." Da alheri ya faɗa. Ni kuwa kamar ya soka mini wuƙa.

Daga ranar na rufe bakina. Na ce in addu'ata ce ta tare mata hanya, ba zan ƙara yin wata ba. Ina zuwa sujada, ina zama a bencin baya, amma ba na cewa Amin. In hadari ya taso, sai in shiga ɗaki in ja ƙofa. Ban koma gona ba. Maƙwabcina Malam Sani, mai sayar da kayan babur, shi ya tara matasan masallacinsu da na majami'armu suka yi mini gayya, suka girbe, suka cika rumbu. Gero ya yi kyau a shekarar, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Na liƙe bakin rumbun da laka. Ko tumu ɗaya ban gasa ba. Masara nake saye a kasuwa, ga hatsina a tsakar gida.

Haka rani ya wuce. Ruwan shuka ya sauka.

Da sassafe ɗiyata Rahila ta zo daga gidan mijinta, da ƙwarya a hannu. Ta ce, "Baba, kowa ya fita. Buɗe rumbu in ɗebi iri."

Na ce, "Ba a taɓa wannan geron."

Ta ce, "To da mi za mu shuka? Da masarar kasuwa?"

Na ce gonar ta huta bana.

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ta ce, "Ni ma uwa na rasa, Baba, ba kai kaɗai aka yi wa mutuwa ba. Inna ta shuka geron nan da ƙafarta. In ka bar shi ƙwari su cinye, irinta ya ƙare ke nan. Gobe ƙasa ta bushe." Ta juya ta zauna a bakin ƙofa, tana kuka ba sauti.

Na ɗauki gatari, na hau, na fasa lakar. Ƙamshin geron ya buge ni. Na gane dammunan da aka ware don iri, masu dogon kai, waɗanda kakar Hanatu ta ba uwarta, uwarta ta ba ta. Na durƙusa a cikin rumbu, a kan hatsi.

Ban yi addu'a irin ta dattijo ba. Na ce, "Yesu, ni ne na kashe ta?" Na sake faɗa, na sake, har muryata ta dushe. Ban ji murya daga sama ba, kuma ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Amma wani abu ya sauka a zuciyata, a sarari: Arzika, kai ba ka iya ba sama umurni. Ba kai ka tara hadari ba, ba kai ka tsai da numfashi ba. Roƙo ka yi, kamar yadda ɗa yake roƙon ubansa.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba a bakin kabari. Nauyin da na ɗauka tun daga cikin jirgi ya sauka daga wuyana. Yabo ga Ubangiji!

Na miƙo wa Rahila dami. Muka sussuka, muka fita. Ni ina sara rami, ita tana zuba iri tana rufewa da diddige. Rana ta yi sama kafin mu gama layin farko, mu ne na ƙarshe a duk ƙauyen.

Yanzu na san da matuƙin nan ya bi maganata, da gawa huɗu za a tsinta a daji. Na aika masa da gaisuwa ta hannun fasto, na roƙi gafararsa. Me ya sa ceton gonaki da rasuwar Hanatu suka zo rana ɗaya, har yau ban sani ba. Na daina neman amsar a nan duniya. Ɗakinta yana nan, kuma ciwon bai warke ba.

Amma ina gode wa Yesu, domin ya buɗe mini baki, ya mai da ni gona. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka liƙe da laka saboda baƙin ciki, kada ka jira sai ka gane dalili. Kawo shi gaban Ubangiji yadda yake, da hawayenka. Ni da hawaye na zo, bai kore ni ba. Ba zai kore ka ba.

Amin.