Wanda Ke Tura Baron Amak

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma Wali, shugaban garinmu na Ujung Karambi kuma shugaban wannan zama; datukan zuriyoyinmu, waɗanda ba a rufe magana sai sun gyaɗa kai; Buya Kasmir, limaminmu; iyayenmu mata, masu gidaje da gonaki, waɗanda mu maza muke zaune a inuwarsu bisa alfarma; masunta da manoma; samarin da na hango sun tsaya can baya, ba don kunya ba, sai don can aka ajiye tukwane; sai babban baƙonmu wanda ba baƙo ba, yayan matata, Uda Masrizal, da ya taso takanas daga Jakarta. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu a ƙasa mai natsuwa yau, ina kuma godiya ga Wali da ya ce, tunda ni ne malamin tarihi kuma ni ke kula da atisayen gudu zuwa tudu, in yi magana kan tsoron girgizar ƙasa kafin a ɗaga hannu kan batun ƙofa. Kowa ya san batun. Uda Masrizal ya yi alkawarin gina mana ƙatuwar ƙofar gari ta siminti, mai rawani da tayil da sunansa a goshi, a bakin hanyar da ke hawa tudun kanumfari. Har an kafa turaku.

Kafin in ci gaba, ya kamata ku san mai magana, don ku auna maganarsa. Ina kishin Uda Masrizal. Benci ɗaya muka zauna a makaranta, kuma ba ni ne ke leƙen takardar wani ba. Ya ɗauki jaka ya tafi neman arziki kamar yadda samarinmu ke yi, ni na tsaya da littattafai. Yau yana da gidajen abinci a birni, ni ina da kabad ɗin littattafai da na ɗaure a bango da igiya don kada ya faɗo mini. Idan ya zo gari ana yanka akuya. Idan na dawo daga makaranta ana miƙo mini bokiti. To, kun ji. Duk abin da zan faɗa, ku cire kason kishi, ku duba abin da ya rage.

Magana ta farko ita ce tsoro.

Tun babbar girgizar nan da ta rushe mana kasuwa, babu wanda ke cikin wannan rumfa da bai taɓa firgita ba don taga ta yi ƙara. Wasu sun iya ɓoyewa, ni ban iya ba. Kwanakin baya ina shan gahawa a rumfar Uda Pirin, sai ƙasa ta ɗan yi rawa. Kafin kofi ya gama motsi ina ƙarƙashin tebur. Uda Pirin ya sunkuyo ya ce, “Malam, fito, motar yashi ce.” Na ce, “Ai birona nake nema.” Ya ce, “To Allah ya sa a gani. Ga wani a aljihunka, ka riƙa maneji da shi.”

Ku yi dariya, na yarda. Amma na karanta abin da masana suka rubuta a kan tekun nan tamu, kuma karatun bai rage mini tsoro ba, ƙara shi ya yi. Sun ce idan girgizar ta yi ƙarfi har mutum ya kasa tsayuwa, ko ta daɗe ba ta tsaya ba, to tsakaninmu da ambaliyar teku bai fi a dafa tukunyar shinkafa ba. Abin da ya rage mini tsoro ba littafi ba ne, ƙafa ce. Ranar da ƙafafuna suka haddace hanya, ranar zuciyata ta ɗan zauna. Shi ya sa nake nanata muku har kuka gaji da ni: a kare kai har rawar ta lafa, sannan a fita. Kada a jira jiniya, kada a jira gangar masallaci, kada a jira ni. Kada a koma ɗaukar talabijin. Idan teku ta ja baya ta bar kifi a yashi, wannan kifin ba rabonka ba ne. A bar babura, a hau da ƙafa. Jaka da ruwa da magani su kwana a bakin ƙofa. Tsoron da ya san inda zai nufa, shi ne ake kira shiri.

Magana ta biyu ita ce waɗanda ba su da ƙafar gudu.

Ga Amak Dalima nan a gaba, surukata, mahaifiyar Uda Masrizal, wadda nake zaune a gidanta tun ranar aurena da aka kai ni can da kiɗa aka ba ni laƙabin Sutan. Gwiwoyinta sun daina aiki. Duk ranar atisaye, a baro nake ɗora ta, da matashin kai biyu da lema, in tura ta har saman tudu. Kun sha ganinmu. Abin da ba ku ji ba shi ne hirar da muke yi a hanya.

Da damina hanyar nan taɓo ce zalla. Taya ta nutse, ina nishi, jijiyar wuyana kamar za ta tsinke, sai Amak ta waiwayo ta ce, “Sutan, rakiyar gawa muke yi ne? Da Masrizal ne, da tuni muna sama.”

Na ce, “Amak, Masrizal yana Jakarta.”

Ta ce, “Ai shi ya sa na ce da.”

Muka isa. Na zube a gindin kanumfari ina neman numfashi. Ita kuwa ta zaro waya daga zaninta, ta kira shi, ta ce, “Ɗana, mun iso lafiya. Addu'arka ce ta kawo mu.”

Jama'a, addu'arsa ce. Ni dai bayana ne ya yi kwana yana ciwo.

Ba ƙarar Amak na kawo ba. Ita ce ta yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ni, kuma ko ba ta taɓa cewa sannu ba, zan tura ta har ranar da ni ma za a ɗora ni a baro. Na kawo maganar ne don ku gane cewa a garin nan akwai tsofaffi irinta, akwai masu ciki, akwai masu goyo, kuma dukkansu hanya ɗaya gare su. Ba biyu ba. Hagunta ramin ruwan shinkafa, damanta dutse.

Wannan ya kawo mu magana ta uku, ƙofa.

Me ya sa muke son ta? Mu faɗi gaskiya, tunda Buya yana zaune. Muna son ta ne saboda maƙwabtanmu mutanen Lubuk Tarap sun gina tasu. Tun da suka gina ta, angwayenmu can suke zuwa ɗaukar hoto. Ni kaina idan na bi ta ƙarƙashinta a babur, sai in sunkuyar da kai kamar ina duba taya, don kada su ga ina kallo. Kishin da nake yi wa mutum ɗaya, shi garin nan gaba ɗaya yake yi wa maƙwabta. Bambancin kawai, ni na faɗi nawa.

Amma Lubuk Tarap a kan tudu suke. Ƙofarsu ta faɗi, sun yi asarar wurin hoto. Tamu fa? Ku tuna ranar babbar girgiza. Me ya fara zubowa? Rawanin siminti da adon bulo da muke ɗora wa gine-gine don a san mun waye. Me ya tsaya? Tsohon gidan katakon Amak, mai ginshiƙai a kan duwatsu, wanda ya yi rawarsa ya koma mazauninsa. Na koyar da tarihin sarakunan da suka gina ƙofofi a ƙasashe da yawa, kuma ban taɓa cin karo da ƙofar da aka gina don mutane su wuce da sauri ba. Don a tsayar da mutane ake gina ƙofa. Ko ba ta faɗi ba, ginshiƙanta za su matse hanya, gari guda yana turereniya a tsakaninsu. Idan kuwa ta faɗi, saurayi zai haure tarkacen. Baro ba ya haurewa.

Jiya na sami Uda Masrizal a baranda na faɗa masa haka. Ya yi murmushin nan nasa na masu hali, ya ce, “Sutan, rodi zan sa mata mai kaurin hannunka.”

Na ce, “Uda, hannuna ba wani kauri gare shi ba. Tambayi Amak.”

Ya ce, “Kai dai kishi ke damunka.”

Na ce, “Kishi ne, Uda. Amma nawa kishin ba ya toshe hanya.”

A gidan Amak shi ne mai magana, shi ne kawun 'ya'yana, ni baƙo ne da ya daɗe. Ba ni da bakin hana shi a can. Shi ya sa na kawo maganar nan, gaban datukai da iyaye mata.

Ga roƙona. Simintin nan da yashin nan da rodin nan, kada a ɗaga su sama da kawunanmu, a shimfiɗa su ƙarƙashin ƙafafunmu. A zuba hanyar tun daga masallaci har gindin kanumfari, a faɗaɗa ta, a kafa mata abin dafawa a gefen rami. Idan suna ake so, a rubuta sunan Uda Masrizal a bakinta da manyan baƙaƙe tun simintin yana ɗanye. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ribata a ciki: duk ranar atisaye zan taka sunan nan da ƙafa biyu, in bi ta kansa da taya, kuma ba wanda zai ce na yi rashin kunya.

Uda, ka gina mana abin da hoto ba zai yi kyau a gabansa ba. Ga baron can na jingine a bakin rumfa. Kafin a ɗaga hannu, ka ɗora mahaifiyarka, ka tura ta tsakanin turakun da ka kafa, cikin taɓon jiya, sau ɗaya tak. Idan ka sauko kana son ƙofa, wallahi ni zan fara jiƙa siminti.

Na ga ka miƙe. A'a, ba sai ka cire agogo ba... Me ka ce? Ɗaga murya, na baya ba su ji ba.

Jama'a, ya ce ba sai an gwada ba. Ya ce a tuge turakun, a zuba hanya.

To, ku tafa. Ku tafa da kyau. Ina dai so Wali ya shaida: ni na bushe maƙogwaro tun ɗazu, shi ya faɗi jimla biyu, kuma ga inda fuskokinku suka juya. Ga Amak ma tana share hawaye, tana gaya wa ta kusa da ita cewa da ma ɗanta tun yana ƙarami akwai hangen nesa.

Babu komai, Amak. Ranar atisaye ki shirya da wuri. Bana za mu riga kowa isa, sai ki kira shi ki gaya masa.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu, ya riƙe mana tekunmu a inda ya ajiye ta. Idan ya ƙaddara ranar gudu, Allah ya sa ta same mu a shirye, ya sa a ƙirga mu a kan tudu ba a rasa kowa ba, daga jariri har mai baro. Allah ya ƙara wa Uda Masrizal arziki, ni kuma ya ƙara mini haƙurin gani. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.