Farin Ƙyallen Bayan Ƙofa

A rumfar kayan miya, wani magidanci riƙe da kokwamba biyu ya tare wata dattijuwa.

"Mama, don Allah, haɗin kokwamba da yogot ɗin nan da ake shafa wa burodi, me ya sa nawa yake tsinkewa? Kullum yarana sai su dawo da shi daga makaranta, ya jiƙe sharkaf."

"In ka goga, kana barbaɗa gishiri ka matse a ƙyalle?"

"Ƙyalle kuma?"

"Kai ma dai! Ka bar wa uwarsu aikinta mana."

"Ta rasu, wata huɗu ke nan."

"Wayyo, ɗana. Allah ya jiƙanta."

"Amin. Ashe amfanin farin ƙyallenta na bayan ƙofar kicin ke nan." Ya ajiye kokwambar. "Ni kuwa tun da ta tafi, da shi nake goge murhu."