Tumbin Baba a Jikin Bango

A ɗakin jiran ganin likita, wani mai tumbi ya zauna kusa da wani siririn mutum, ya ja tsaki.

"Malam, kana da yaro a firamare?"

"Ina da yarinya a aji uku," in ji siririn.

"To ka san masifar sabon lissafin nan. Mu a zamaninmu hadda ce da bulala, shi ke nan. Yanzu wai iyaye su taimaka, a bar yaro ya auna abin da ke cikin gida."

"Ai abu ne mai kyau."

"Ni ma haka na ce. Har tef na sayo wa nawa, a zatona tebur zai auna. Sai ya ce tebur ba ya canzawa, malama ta ce a nemo abin da ke ƙaruwa."

"Ƙaninsa ya auna ke nan?"

"Ina fa, tumbina. Kullum da safe. Ya zana layi a takarda ya manna a bangon falo, layin sai hawa yake kamar farashin kaya. Surukata ta gani ta yi salati. Uwarsa ta ce ko in zo asibiti ko ta rufe kicin."

"Amma lissafin ya yi daidai?"

"Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, shi ya zo na ɗaya. Kai fa, me ya kawo ka?"

Siririn ya sunkuyar da kai.

"Tawa cokulan sukarin shayina take ƙirgawa. Jiya a gaban aji ta karanto."