Mayen Ƙarfe da Wayar da ke Kan Mama

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rifkatu. Kun fi sanina da tsintsiya a hannu ranar Asabar, ba da magana ba. Ku yi haƙuri idan muryata ta yi rawa.

Tun rasuwar Baba, wanda aikinsa na hanyoyin ruwan dam ya kawo mu Goronyo, ni da Mama kawai muka rage. Tana soya kifi, ina zuwa makaranta. Bara ta faɗi kusa da kaskon suya, ta riƙe kai. A Abuja likitoci suka ce wata jijiyar jini ce ta kumbura cikin ƙwaƙwalwarta kamar ƙaramin balan-balan. Ba su tsaga kai ba. Siririn bututu suka zura ta jijiyar cinya har wurin, suka cushe kumburin da wayar ƙarfe mai laushi don jini ya daina shiga. Ku kuka yi addu'a, ta kuwa tashi.

Amma likita ya ce dole a riƙa ɗaukar hoton wurin. Wayar takan lotsa, jini ya sake samun hanya, mutum bai ji ko ciwon kai ba. Hoto kaɗai ke nunawa.

Da lokaci ya yi muka je Sakkwato. A ƙofar ɗakin hoton ma'aikaciya ta ce, "Mama, a cire 'yan kunne da zobe da duk wani ƙarfe. Na'urar nan babban mayen ƙarfe ce."

Na ga hannun Mama ya tsaya a kunnenta. Ta ce za ta zaga bayan gida. A bakin titi na same ta, ta riga ta tare mota.

Ba ta faɗi dalili ba. Wanda ya tambaya sai ta ce Ubangiji ya gama aikinsa. Ni kuwa ina kallo. Ta daina bi ta gaban shagon mai walda. Ta ba da rediyon Baba kyauta. A nan majami'a ta bar bencinta na kusa da lasifika, ta koma can baya wajen ƙofa. Ranar da na dawo da ɗan mayen ƙarfe daga makaranta, ta sa na jefa shi a magudanar ruwa.

Sai na gane, domin an koya mana cewa rediyo da lasifika akwai mayen ƙarfe a cikinsu. Mama na tsoron na'urar za ta fizgo wayar daga kanta.

Na kasa gaya wa kowa. Kullum ina aji ina tunanin ko zan dawo in tarar da kasko a wuta babu mai juyawa. Idan ta tafi, wa nake da shi? 'Yan ajinmu suna hira, ni ina kallon taga. Inna Hajo maƙwabciyarmu, mai sayar da albasa, ta tare ni wata rana ta ce, "Ke ɗiyata, mi ya hana uwarki komawa hoto? Ko so take ta bar mini ke, ga ki ba ki magana, in ta hira da bango?" Na yi murmushi na wuce. A bayan ɗaki na yi kukana.

Wata Asabar ina shara a nan ni kaɗai, na durƙusa tsakanin bencuna. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, ka san ba ni da baki. Ka ba ni baki." Shi ke nan abin da na roƙa.

Cikin makon nan malamin kimiyya ya sake fito da mayen ƙarfe. Mayen ya ɗauki ƙusa, ya ɗauki allura, amma da malam ya kai shi kan cokalin dalma, ko motsi. Ashe ba kowane ƙarfe yake ja ba!

Da na isa gida na ce, "Mama, ba kowane ƙarfe maye ke kamawa ba. Cokali ma ya ƙi."

Ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya miki abin da ke raina?" Sannan ta ce, "Kaina ba cokali ba ne, Rifkatu."

"To mu je mu tambaya. Ni zan yi tambayar."

Ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Ke? Ke da ko gishiri ba kya iya tambaya a kanti?"

Muka koma. Gaban likita na ce, "Ranka ya daɗe, akwai waya a cikin kan mahaifiyata. Na'urar ba za ta fizgo ta ba?" Bai yi mini dariya ba. Ya bincika irin wayar da aka sa mata, ya ce ba irin wadda maye ke ja ba ce, an yi ta ne don a iya shiga na'urar da ita. Ya ce tambayar daidai ce, domin akwai ƙarfen da ba a shiga da shi.

Mama ta zare zobenta ta sa a tafina. Na zauna a waje, na'urar tana ta bugawa kamar injin ban ruwa, zoben yana ɗumi a hannuna.

Hoton ya nuna bakin kumburin a toshe, jini ba ya shiga. Za mu koma baɗi, kuma ita da kanta ta riƙe watan.

Na gode wa Ubangiji wanda ya ji addu'ar mai ƙaramar murya. Idan akwai tsoron da kuka ɓoye, ku kai masa, ku dogara gare shi, sannan ku buɗe baki ku tambaya. Wanda kuma yake neman Mama yau, kada ya duba wajen ƙofa. Ga ta can ƙarƙashin lasifika.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.